Chandrasekhar: Masanin da ya gano makomar manyan taurari

An haifi Subrahmanyan Chandrasekhar a ranar 19 ga watan Oktoban 1910 a birnin Lahore, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya, yanzu kuma yana Pakistan.

A shekarar 1930, yana da shekaru 19, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila domin karatu a Jami'ar Cambridge. A cikin jirgin ne ya fara lissafin da ya nuna cewa idan makamashin tauraro ya ƙare, kuma nauyin abin da ya rage nasa ya zarce kimanin ninki 1.4 na nauyin rana, to ba zai iya riƙe kansa ba, sai ya rufta.

A watan Janairun 1935 shahararren masanin taurari Arthur Eddington ya yi watsi da wannan sakamako a gaban taron masana a London. Abin ya yi wa matashin ciwo, amma bai janye lissafinsa ba. A 1937 ya koma Jami'ar Chicago ta Amurka.

Daga baya bincike ya gaskata shi. Tauraron da ya rufta kan zama tauraron nutiron, wanda faɗinsa bai wuce kimanin kilomita 20 ba, ko kuma baƙin rami, inda ko haske ba ya iya kuɓuta.

Masana kan gano irin waɗannan abubuwa ne ta hanyar iskar gas da suke janyowa daga taurarin da ke kusa da su. Gas ɗin kan riƙa kewaya su da matuƙar gudu, yana gogayya, har zafinsa ya kai miliyoyin digiri. A nan ƙwayoyin zarra kan rabu da ilektiron ɗinsu, gas ɗin ya zama abin da ake kira filazma, ya riƙa fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

An ba Chandrasekhar kyautar Nobel a 1983, kusan shekaru hamsin bayan taron London. Ya rasu a Chicago ranar 21 ga watan Agustan 1995.

Tun da iskar da ta lulluɓe duniya tana tare hasken eksire, a 1999 hukumar NASA ta harba na'urar hango shi zuwa sararin samaniya, ta kuma raɗa mata suna Chandra.