Michael Faraday: Ɗan Maƙerin da Ya Fitar da Wutar Lantarki Daga Maganaɗisu

Duk wanda ya taɓa jan igiyar janareta a shagonsa a Agege ko Sabon Ibadan, ko ya saka kuɗi a karo-karon gyaran taransifomar unguwa, to yana cin moriyar aikin wani mutum da bai yi karatu mai zurfi ba. Sunansa Michael Faraday, ɗan ƙasar Ingila. Shi ne ya gano yadda ake samar da lantarki daga maganaɗisu, wato wannan baƙin abin da yara ke cirowa daga tsohuwar lasifika suna jan ƙusa da shi.

An haife shi ranar 22 ga Satumba, 1791, a Newington Butts da ke kudancin Landan. Iyayensa baƙi ne a birnin, daga arewacin Ingila suka taso neman abin sakawa a baki. Mahaifinsa James maƙeri ne, ga shi ba shi da ƙoshin lafiya, saboda haka gidan cikin babu yake. Abin da Michael ya samu a makaranta bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana shekara 13 ya zama ɗan aike a shagon George Riebau, mai sayar da littattafai da yi musu bango. Bayan shekara guda maigidan ya ɗauke shi koyon sana'a na shekara bakwai.

Shagon nan shi ne ya zame masa makaranta, domin littattafan da ake kawowa a ɗinka yakan zauna ya karanta su. A cikin kundin Encyclopaedia Britannica ya karanta bayanin lantarki, a littafin wata marubuciya Jane Marcet kuma ya koyi ilimin sinadarai. A 1812 wani mai hulɗa da shagon ya ba shi tikitin shiga laccocin Humphry Davy, shahararren masanin sinadarai na cibiyar Royal Institution. Yaro ya rubuta abin da ya ji cikin shafi kusan 300, ya yi masa bango da hannunsa, ya aika wa Davy yana neman aiki. A watan Maris na 1813 aka kori wani ma'aikacin ɗakin gwaji saboda faɗa, sai aka ba Faraday gurbinsa.

Farkon aikin dai sai haƙuri. Da Davy ya tafi rangadin Turai daga 1813 zuwa 1815, Faraday ya bi shi a matsayin mataimaki, amma aka haɗa masa da aikin bara, matar Davy kuwa kallon ɗan aiki kawai take masa. Duk da haka a tafiyar ce ya ga manyan masana ido da ido, irin su Ampère a Faransa da Volta a Italiya, wanda ya ƙirƙiro batir.

A 1820 wani masani a Denmak, Hans Christian Ørsted, ya lura cewa idan lantarki ya bi ta waya, allurar kamfas da ke kusa sai ta karkace. Ashe lantarki na haifar da maganaɗisu kenan. A 1821 Faraday ya kafa maganaɗisu a tsakiyar kwanon zaiba, ya rataya waya tana taɓa zaibar, ya ba ta wuta, sai wayar ta shiga kewaya maganaɗisun ba tsayawa. Wannan ne kakan duk wata motar lantarki, daga ta fanka har ta famfon ruwa. Abin bai zo da daɗi ba, don an zarge shi da ɗaukar tunanin wani masani, William Wollaston, har Davy da kansa ya ƙi goyon bayan shigarsa ƙungiyar masana ta Royal Society. Amma a 1824 aka zaɓe shi.

To, idan lantarki na haifar da maganaɗisu, shin maganaɗisu ba zai haifar da lantarki ba? Shekaru ya yi yana gwadawa ba nasara. Sai ranar 29 ga Agusta, 1831, ya ɗauki zoben ƙarfe, ya naɗa waya a gefe guda ya haɗa da batir, ya naɗa wata a ɗaya gefen ya haɗa da allurar awo. Wayoyin biyu ba sa taɓa juna. Da ya haɗa batir sai allura ta yi tsalle ta koma, da ya cire ta sake tsalle, amma muddin wuta na tafiya yadda take, allura ba ta motsi. Nan sirrin yake: canji ne ke haifar da lantarki. Maganaɗisu a ajiye kusa da waya ba ya ba da komai, sai an motsa shi. A watan Oktoba ya tabbatar da haka, ya tura maganaɗisu cikin naɗin waya ya zaro, sannan ya juya faifan tagulla tsakanin bakunan babban maganaɗisu ya samu wuta mai ɗorewa.

Janaretarka ke nan fa. Fetur ba shi ne ke zama wuta ba, aikinsa kawai ya juya injin da ke juya maganaɗisu a cikin naɗin waya. A Kainji da Shiroro ruwa ne ke juyawa, a tashar Egbin da ke Ikorodu tururi ne. Taransifoma kuma zoben nan ne ya girma: naɗi biyu a kan ƙarfe guda, yawan zagayen kowane naɗi shi ke ɗaga ƙarfin wuta ko ya rage shi.

Wata tambayar da ta dame shi ita ce, ta yaya maganaɗisu ke jan ƙarfe bai taɓa shi ba? Idan ka barbaɗa garin ƙarfe a takarda ka sa maganaɗisu a ƙasa, za ka ga garin ya jeru layi-layi daga baki zuwa baki. Faraday ya yarda cewa waɗannan layukan ƙarfi da gaske suke, suna nan a sararin da ke kewaye da maganaɗisu. Masana da yawa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba, saboda bai iya lissafi mai zurfi ba. Sai da wani matashi ɗan Sikotilan, James Clerk Maxwell, ya mayar da ita lissafi, har ya nuna a 1865 cewa haske ma igiya ce ta lantarki da maganaɗisu. Rediyo da wayar salula duk daga nan suka samo tushe.

Akwai kuma inda ya buga ya kasa. Mutane kan kira ƙarfin da ke jawo abu ƙasa da maganaɗisun ƙasa, amma ba abu ɗaya ba ne. Maganaɗisu ƙarfe da ƴan uwansa yake kamawa, kuma yana ja yana turawa. Shi kuwa wancan komai yake ja, dutse ko auduga ko mutum, kuma ba ya turawa. Faraday ya yi zaton akwai dangantaka tsakaninsa da lantarki. A 1849 ya riƙa sako abubuwa daga sama ta cikin naɗin waya ko allura za ta motsa, shiru. Bayan shekara goma ya sake gwadawa da ƙatuwar dalma a wata doguwar hasumiya a Landan, nan ma shiru. Bai ɓoye ba, ya rubuta cewa bai samu komai ba. Har yau masana ba su gama haɗa wannan ƙarfi da sauran ba.

Mutum ne mai riƙo da addininsa, ɗan wata ƙaramar ɗariƙar Kirista da ake kira Sandemanian. Ya auri Sarah Barnard a 1821, Allah bai ba su haihuwa ba, amma yana son yara, kuma laccocin ƙarshen shekara da ya riƙa yi musu a Royal Institution ana ci gaba da su har yanzu. Sau biyu ya ƙi karɓar shugabancin Royal Society. 

Mantuwa ta addabe shi a ƙarshen rayuwarsa. A 1858 Sarauniya Victoria ta ba shi gida a Hampton Court, a can ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75. Tun yana raye ya ƙi a binne shi a Westminster Abbey inda ake kai manyan ƙasa, sai aka kai shi maƙabartar Highgate. Ma'aunin farad da masu gyaran rediyo da talabijin ke karantawa a jikin kafasita, daga sunansa aka ciro shi.