Mildred Benson: Marubuciyar da aka ɓoye sunanta shekara 50

Waɗanda suka yi karatun Faransanci da dama sun san Alice, yarinyar nan mai bin diddigin ɓarayi, wadda kamfanin Hachette ya fara buga labaranta a 1955. A Amurka, inda aka ƙirƙiro ta, sunanta Nancy Drew. Amma ba kowa ya san matar da ta fara rubuta labaran ba.

An haifi Mildred Benson a 1905 a ƙauyen Ladora na jihar Ayowa, mahaifinta likita ne. A 1927 ta samu babban digiri na aikin jarida a jami'ar jihar. Tun tana ɗaliba ta fara yi wa Edward Stratemeyer aiki, wani mai kamfanin littattafan yara. Shi ke tsara ƙashin labari, ya ba marubuta su cike, a buga da sunan aro. A haka littattafan Nancy Drew uku na farko suka fito a 1930 da sunan Carolyn Keene. Cikin talatin na farko, Mildred ce ta rubuta 23. Da fari ladanta dolar Amurka 125 ne kan kowane littafi, bisa sharaɗin ba ta da haƙƙin mallaka, kuma ba za ta fito ta ce aikinta ne ba.

Shekara goma kacal ke nan da matan Amurka suka samu ƴancin zaɓe. Sai ga yarinya ƴar shekara 16, ɗiyar lauya, tana tuƙa motarta, tana warware abin da ya gagari ƴan sanda. Mildred ce ta sa mata wannan ƙarfin hali, don ta gaji da labaran da ke nuna ƴan mata a matsayin masu jiran a cece su. Yaran da suka karanta ta sun girma da ita a zuciya. Mata uku da suka zama alƙalai a kotun ƙolin Amurka, Sandra Day O'Connor da Ruth Bader Ginsburg da Sonia Sotomayor, duk sun ambaci Nancy cikin abin da suka so a ƙuruciya, haka ma Hillary Clinton.

Asiri ya tonu a 1980, lokacin da rikicin mallakar littattafan ya kai gaban kotu, aka kira Mildred ta ba da shaida. Daga nan duniya ta san mai aikin, ko da yake ribar miliyoyin littattafan da aka sayar ba ta shiga hannunta ba.

Ita kuwa ba ta zauna jiran yabo ba. Tun 1944 take aikin jarida a birnin Toledo na jihar Ohayo, ta koyi tuƙin jirgin sama tana dab da shekara sittin. A 2001 ƙungiyar marubuta labaran bincike ta Amurka ta ba ta lambar girma. Ranar 28 ga Mayun 2002 ciwo ya kama ta a wurin aiki, ta rasu a asibiti a ranar, tana da shekara 96.