Miller Huggins: Manajan da Yaronsa Ya Fi Shi Albashi

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, wanda mutanen can suke ƙauna kamar yadda mu muke ƙaunar ƙwallon ƙafa. Mutum tara-tara ake yi. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya sheƙa a guje. Kowane kulob yana da manaja, watau wanda yake zaɓen masu shiga fili, ya tsara dabarun wasa, ya kuma tsawata wa mai taurin kai. Tarihin wani manaja nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, don a ganina an zuba kuɗi a kan yaransa fiye da yadda aka kula da shi.

An haifi Miller Huggins a birnin Cincinnati cikin shekarar 1878. Ya yi karatun lauya a jami'ar garinsu, amma bai taɓa yin aikin lauya ba, wasa ya ɗauke masa hankali. Ɗan tsurut ne, tsawonsa bai wuce ƙafa 5 da inci 6 ba, amma gajere ba yaro ba ne. Ya yi wa kulob ɗin garinsu wasa daga 1904, sa'an nan ya koma St. Louis, inda aka naɗa shi manaja a 1913.

A ƙarshen 1917 wani attajiri mai suna Jacob Ruppert ya ɗauko shi ya riƙe kulob ɗin Yankees na New York. To, ba Ruppert kaɗai ke da kulob ɗin ba. Abokin tarayyarsa, Huston, yana Faransa wajen yaƙi a lokacin, kuma wani mutum dabam ya so a ɗauka. Saboda haka tun ran da Huggins ya kama aiki, rabin masu gidansa ba sa son ganinsa.

Attajiran nan ba su da ƙyashin kashe kuɗi a kan 'yan wasa. A ƙarshen 1919 suka sayo Babe Ruth daga kulob ɗin Boston a kan dala 100,000, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan ɗan wasa ɗaya. Albashinsa ya kai dala 52,000 a shekara a 1922, ya hau dala 70,000 a 1927. Huggins kuwa, wanda aka ce shi ne shugabansa, bai kama ƙafarsa ba wajen albashi.

Don gaskiya, Ruth bai ci kuɗin banza ba. A 1920, shekararsa ta farko, 'yan kallo fiye da miliyan ɗaya suka biya kuɗin shiga wasannin Yankees a gida, abin da ba a taɓa gani ba. Ba wanda ya sayi tikiti don ya kalli wani gajeren mutum zaune a benci. Amma ku duba irin aikin da aka ɗora wa mutumin nan. Ruth ƙato ne mai son shagali, ba ya kwana da wuri, ba ya jin magana. Ya san ya fi manaja kuɗi, ya fi shi suna, 'yan jarida kuma nasa ne. Duk wanda ya taɓa riƙe monita a ajin da akwai ɗan lelen malam zai gane halin da Huggins ya shiga. In an ci wasa a ce Ruth ne, in an sha kashi a ce manaja bai iya ba.

Haka kuwa aka yi. Yankees suka zo na ɗaya a rukuninsu a 1921 da 1922, amma sau biyu kulob ɗin Giants ya ka da su a gasar ƙarshe. Huston ya dage sai an kori Huggins, Ruppert ya ƙi. Daga baya Huston ya sayar wa Ruppert rabonsa a 1923. A shekarar nan aka buɗe sabon filin wasan Yankees, kuma a cikinta suka ci kofin gasar ƙarshe karo na farko.

Babbar rigima ta faru ran 29 ga Agusta, 1925, a St. Louis. Kulob yana ta shan kashi a shekarar, ga Ruth ya zo fili a makare bayan ya kwana yawo. Huggins ya dakatar da shi, ya kuma ci shi tarar dala 5,000, wajen kashi ɗaya cikin goma na albashinsa ke nan. Ruth ya fusata, ya tafi wajen Ruppert yana zaton za a kori manaja saboda shi. Ruppert ya goyi bayan Huggins. Tilas Ruth ya ba da haƙuri kafin a bar shi ya koma fili. Ni dai ina ganin wannan goyon baya shi ne lada mafi tsoka da Huggins ya samu a wurin maigidansa, ko da yake bai sa Ruppert ya ciro ko sisi daga aljihu ba.

Daga nan kulob ya miƙe. Suka zo na ɗaya a 1926 da 1927 da 1928, suka ci kofi a biyun ƙarshe. A 1927 sun ci wasa 110, Ruth kuma ya yi bugu 60 irin wanda ake zagaye fili da shi gaba ɗaya. Kada a ɗauka kuma duk 'yan wasan ne suke wanka da kuɗi. Lou Gehrig, wanda aka zaɓa gwarzon rukunin a shekarar, dala 8,000 kawai aka biya shi. Ashe rabon bai yi daidai ba ko a tsakanin yaran.

Wahalar aikin ta ci jikin Huggins. Bai taɓa aure ba, kullum yana cikin damuwa da rashin barci, ya rame. A watan Satumba na 1929 wani ƙurji ya fito masa a fuska, ciwon ya shiga jini, ya mutu ran 25 ga watan a wani asibiti a New York yana da shekara 51. Ran jana'izarsa aka soke dukan wasannin rukunin. A 1932 aka kafa dutsen tunawa da shi a cikin filin Yankees, shi ne na farko da aka yi wa haka.

Bayan mutuwarsa Ruth ya nemi a ba shi kujerar manaja, Ruppert ya hana shi, amma ya ƙara masa albashi zuwa dala 80,000 a 1930. Aka ba Bob Shawkey kujerar. Ga Ruth, ga Gehrig, ga kuɗi, amma kulob ya ƙare a na uku, kuma shekara ɗaya tak Shawkey ya yi aka sallame shi.