Eric Liddell, Gwanin Tsere da Malamin Yara

An haifi Eric Liddell a Tientsin ta ƙasar Sin cikin shekara ta 1902. Iyayensa mutanen Sikotlan ne, masu aikin bishara. Tun yana makaranta a Ingila aka ga Allah ya ba shi gudu.

A 1924 ya tafi wasannin Olimfik a Faris. Tseren mita 100 shi ne gwanintarsa, amma da ya ji za a fara shi ran Lahadi, ya ƙi shiga. Waɗansu suka zarge shi. Sai ya shiga na mita 400, ya zo na ɗaya cikin sakan 47.6.

Da shekara ta kewayo ya koma Tientsin, yana koya wa yara kimiyya da wasanni. A 1943 sojan Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien tare da baƙi da yawa. Can ma ya tara yara, yana koya musu karatu, yana shirya musu wasa. Da fari ba ya alƙalancin wasa ran Lahadi. Wata Lahadi yaran suka yi hoki su kaɗai, abin ya ƙare da faɗa. Daga nan ya riƙa fitowa yana yi musu alƙalanci. Ranar da ya hana wa kansa domin Ubangiji, ya ba da ita domin salamar yara.

Ya rasu can ran 21 ga Fabrairu, 1945. Mu da mu ke fitar da yara filin makaranta, mu tuna ba cin tsere kaɗai aka danƙa mana ba, har da halinsu.