Tarihin Mary Lyon, masaniyar ilmin gadon halitta

An haifi Mary Frances Lyon ranar 15 ga watan Mayun 1925 a birnin Norwich na ƙasar Ingila.

Ta karanci ilmin dabbobi a Jami'ar Cambridge, ta kuma kammala a 1946, zamanin da jami'ar ba ta bai wa mata cikakken digiri.

A 1955 ta koma cibiyar bincike ta Harwell, inda ta shafe sauran rayuwarta ta aiki tana nazari a kan ɓeraye.

Bayanan gado na ɗan Adam suna naɗe ne cikin wasu zarurruka da ake kira kromosom. Mace tana da kromosom X guda biyu, namiji kuwa yana da X ɗaya da Y ɗaya. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne yadda jikin mace ke kauce wa samun ninki biyu na abin da X ke samarwa.

A 1961 Lyon ta kawo amsa, bayan ta lura da ɓeraye mata masu dabbare-dabbaren gashi. Ta nuna cewa tun tayi yana ƙarami, kowace ƙwayar halitta takan rufe X ɗaya ba tare da zaɓi ba, kuma haka zai zauna a rufe a duk ƙwayoyin da suka fito daga gare ta.

Wannan ya taimaka wa likitoci wajen gane dalilin da ya sa wasu mata masu ɗauke da gadon cutar rashin daskarewar jini ke nuna alamunta, wasu kuwa ba sa nunawa.

A 1998, tana da shekaru 73, ta gabatar da ra'ayin cewa wasu sassan DNA masu maimaita kansu, da ake kira LINE-1, su ne ke taimaka wa saƙon rufewa ya bazu a kan X.

Bincike tsakanin 2014 da 2016 ya gano cewa wani sashe mai maimaituwa, DXZ4, shi ke raba rufaffen X zuwa manyan dunƙule biyu.

Lyon, wadda ta zama mamba a ƙungiyar masana ta Royal Society a 1973, ta mutu ranar 25 ga watan Disambar 2014 tana da shekaru 89.