Otto Glória: kocin da ya sauya wa mutum biyu gurbi, ya kafa tarihi a nahiya biyu

A gidajen kallon ƙwallo na Arewa, daga Sabon Garin Kano har zuwa Riko a bakin iyakar Jibiya, musun 4-3-3 da 3-5-2 ba ya ƙarewa. Da wuya a ji an ambaci Otto Glória a cikin musun, alhali shi ne ya fara ciyo wa Najeriya Kofin Nahiyar Afirka, kuma ya ci wasan ƙarshen ne da wata dabara da samarin yau ke ɗauka ta zamani ce.

An haifi Glória a birnin Rio de Janeiro na Burazil ranar 9 ga Janairu, 1917. Bai yi wani suna ba a matsayin ɗan wasa. Ya shiga horarwa lokacin da Burazil ke laluben hanyar fita daga tsarin WM na Ingila, mai 'yan baya uku, 'yan tsakiya huɗu da 'yan gaba uku. Flávio Costa ya karkata wannan tsari, ya ja ɗan tsakiya ɗaya baya, ya tura wani gaba, kuma daga wannan karkacewa 4-2-4 ta tsiro, wadda Burazil ta ci Kofin Duniya da ita a 1958. Cikin wannan makaranta Glória ya tashi.

A 1954 Benfica ta Fotugal ta ɗauko shi. Ya tarar da ƙungiya mai ɗimbin magoya baya, amma 'yan wasanta da yawa suna haɗa ƙwallo da wata sana'a. Ya sa aka buɗe gidan kwana na 'yan wasa, ya kafa dokar atisaye da ta barci, ya mayar da ƙwallo aikin yi. Kafin ya tafi a 1959 ya ci gasar ƙasar sau biyu, ya kuma ci kofin ƙalubale.

Abin da ya fi kofunan tasiri shi ne shawarar da ya yanke kan wani saurayi daga Mozambik, Mário Coluna. Yaron ya zo a matsayin mai cin ƙwallo, amma gurbin yana hannun José Águas. Glória ya dubi ƙarfin ƙirjinsa da yadda yake hango fili, ya dawo da shi tsakiya. Duk raunin 4-2-4 a nan yake: mutum huɗu a gaba suna buɗe fili har bakin layi, amma mutum biyu kacal aka bar wa tsakiya, su tare, su raba, su koma. Idan biyun nan ba ƙarfafa ba ne, ƙungiya ta tsage gida biyu. Coluna shi kaɗai ya iya ɗaukar nauyin mutum biyu. Béla Guttmann ne ya gaji wannan gini, ya ci Kofin Turai da shi a 1961 da 1962, yabon kuma ya tafi wurinsa.

A Kofin Duniya na 1966 a Ingila, Glória ne ke horar da Fotugal, tare da Manuel da Luz Afonso mai zaɓen 'yan wasa. Sun doke Hangari, sun doke Bulgeriya, suka fitar da ƙasarsa ta haihuwa Burazil da ci 3-1. Koriya ta Arewa ta zura musu uku tun kafin rabin sa'a, suka farke suka ci 5-3, Eusébio ya jefa huɗu. A wasan kusa da na ƙarshe suka gamu da maganin tsarinsu. Alf Ramsey ya yar da 'yan gefe, ya cika tsakiya da mutane, ya ɗaura Nobby Stiles a ƙugun Eusébio. Bobby Charlton ya ci biyu, aka tashi 2-1. Fotugal ta zo ta uku, matsayin da ba ta sake kaiwa ba. Gwamnatin kama-karya ta Salazar, wadda a lokacin take yaƙi da masu neman 'yanci a Mozambik da Angola da Gine-Bisau, ta ji daɗin nuna wa duniya Eusébio da Coluna a matsayin shaidar cewa daular tata uwa ɗaya ce uba ɗaya. Shekara biyu bayan haka, a filin Wembley ɗin dai, Charlton ya sake cin biyu lokacin da Manchester United ta doke Benfica ta Glória 4-1 a wasan ƙarshe na Kofin Turai.

Mutumin ba waliyyi ba ne. A wasan ƙarshe na gasar jihar São Paulo a 1973, ƙungiyarsa Portuguesa ta kai ga bugun fenariti da Santos ta Pelé. Santos na gaba da 2-0, saura bugu biyu-biyu, sai alƙalin wasa Armando Marques ya yi kuskuren lissafi ya busa tashi. Glória ya gane kuskuren, bai ce uffan ba, ya kwashe yaransa daga filin cikin gaggawa. Da hukuma ta farga babu wanda za a kira ya ƙarasa bugun, dole aka raba kofin tsakanin ƙungiyoyin biyu.

Ya zo Najeriya bayan gasar Afirka ta 1978, kuma wannan karon shi ne ya tarar da gini. Kocin Yugoslabiya da ake kira Father Tiko ya riga ya tara Christian Chukwu da Segun Odegbami da Muda Lawal, ya kai Najeriya matsayi na uku a 1976 da 1978. Glória ya kwashe su zuwa sansani a Burazil, ya matsa musu kan gajeren fasin da riƙe ƙwallo a ƙasa, maimakon dogon bugu irin na Ingila da aka gada. Gasar 1980 a gida ba ta zo da sauƙi ba: 3-1 kan Tanzaniya, canjaras ba ci da Kwaddibuwa, 1-0 kan Masar, sai 1-0 kan Moroko ta ƙafar Felix Owolabi, tsohon ɗan wasan Raccah Rovers ta Kano. Ƙwallo biyu a wasa uku sun nuna cewa gaban ƙungiyar ya toshe.

Ranar 22 ga Maris, 1980, a filin wasa na Surulere, Glória ya yi kishiyar abin da ya yi wa Coluna. Ya ɗauki Muda Lawal, ginshiƙin tsakiyarsa, ya kai shi gaba. Ɗan gaban da ya saba tsakiya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana saukowa neman ƙwallo, mai gadinsa kuma ya rasa ko ya bi shi ya bar rami a baya, ko ya tsaya ya bar shi sake. Cikin wannan ruɗani na 'yan bayan Aljeriya, Odegbami ya samu hanya daga dama ya ci biyu kafin hutun rabin lokaci. Da aka dawo Muda da kansa ya ƙara ta uku.

Shugaba Shehu Shagari, wanda bai cika wata shida a kan mulki ba, shi ya miƙa kofin ga Chukwu, kyaftin ɗin Rangers ta Enugu, shekara goma bayan ƙarshen yaƙin basasa. Gwamnati ta ba 'yan wasan gidaje a Festac da motoci ƙirar Peugeot 504 da lambobin girma na ƙasa. Sabuwar jamhuriya na bukatar hoton haɗin kai, ƙwallo kuma ta ba ta shi a arha.

Farin cikin bai daɗe ba. A Oktoban 1981 Aljeriyar nan ta dawo Legas neman gurbin Kofin Duniya, ta ci 2-0, ta ƙara da 2-1 a Constantine. Tsakiyar da Lakhdar Belloumi ke jagoranta ta fi ta Najeriya sauri da tsari, kuma dabarar ba-zata ba ta ci sau biyu. Waɗanda suka ɗaga Glória a kafaɗa su ne suka fara neman a sallame shi, duk da cewa Aljeriyar ta je Sifaniya a 1982 ta doke Jamus ta Yamma 2-1.

Ya koma horar da Fotugal a 1982, amma Tarayyar Sobiyet ta lallasa su 5-0 a Mosko a 1983, bai ƙarasa shekarar a kan aikin ba. Ya rasu a Rio de Janeiro ranar 4 ga Satumba, 1986, yana da shekara 69. Najeriya ba ta sake ɗaga Kofin Afirka ba sai a 1994, shekarar da ta fara taka filin Kofin Duniya.