Likita Mila (1872–1952) da Zaman Hausa Harshen Sujada a Arewa

A gindin Dutsen Kufena, yamma da birnin Zariya, garin Wusasa yake, inda cocin St. Bartholomew ke tsaye, ginin ƙasa irin na maginan Zazzau. Tarihin wannan wuri yana komawa ga Walter Richard Samuel Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Manazarta Hausa sukan ambace shi a tarihin rubutun boko, su wuce. Wannan maƙala ta dubi rayuwarsa ta wata fuska, wato yadda aikinsa ya taimaka wajen mayar da Hausa harshen da ƙabilu da dama suke haɗuwa a kansa domin sujada da yabon Allah.

An haifi Mila a shekarar 1872 a yankin Devon na ƙasar Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya tako ƙasar Hausa sai da ya zauna a Tarabulus, inda ya koyi harshen a bakin fatake da mahajjata. A can ya haɗu da wani yaro, Abdulmajid Tafida, wanda ya zama mataimakinsa.

A shekarar 1900 Mila yana cikin ayarin mutum biyar da Bishop Herbert Tugwell ya jagoranta zuwa Kano. Sarkin Kano Alu bai amince da zamansu ba, ya sallame su. Suka koma Girku ta ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Mila ya samu zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta a Durumin Maigarke.

Burinsa shi ne mutanen birni su karɓi Kiristanci, amma waɗanda suka karɓa kaɗan ne. Haka kuma zamansa da fada bai yi daɗi ba, domin yakan kai ƙarar masu sarauta wurin hukumar Turawa, ita kuwa hukumar tana ɗari-ɗari da shi saboda alkawarin da Lugard ya yi na barin Musulmi da addininsu. Jama'ar da ya samu ta fito ne daga ƙauye. A 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Su ne zuriyar almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a koyarwarsa. Aka kafa musu mazauni a Gimi, amma ciwon barci ya hallaka da yawa daga cikinsu, ragowar suka watse, yaransu suka ci gaba da karatu a hannun mishan.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, ƙarƙashin jagorancin Guy Bullen. Daga makarantar Mila da wadda ta gaje ta aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da John Tafida Umaru, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan zuriyar Isawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Sai dai aikinsa mafi nisan tasiri shi ne fassara. J. F. Schön ya riga ya fitar da Sabon Alkawari da Hausa a 1880, amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Mila ya kwashe kimanin shekara talatin yana aiki tare da Hausawan da ke tare da shi da 'yan sauran ƙungiyoyin mishan, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, da rubutun boko. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne rumbun kalmomin da fassarar ta ɗiba: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, addu'a, sujada, zunubi, tuba, gafara, Zabura. Yawancinsu sun shigo Hausa ne daga Larabci ta hannun malaman Musulunci, kuma a kansu aka gina harshen ibadar Kirista.

Littafin da aka shirya domin Hausawan birni ya fi samun masu karatu a wajen ƙasar Hausa. A Filato da kudancin Zazzau da Bauchi da Adamawa harsuna sun yi yawa, ƙungiyoyin SIM da SUM kuwa ba su da ƙarfin fassara wa kowace ƙabila nata. Saboda haka Birom da Angas da Bajju da Tangale da Bacama suka riƙa karatu da addu'a da rera waƙoƙin yabo da Hausa. Sunayen majami'un ma shaida ne: Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan da aka kafa a 1955, wadda yau ake kira TEKAN, da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Wannan haɗin kai yana da nasa farashi, domin inda Hausa ta kama mumbari, harsunan gida sukan ja baya, kuma hakan na cikin abin da ya sa ake ta fassara littafin zuwa waɗannan harsuna daga baya.

Mila ya yi ritaya a 1935, ya wallafa Reflections of a Pioneer a 1936, sannan ya dawo Nijeriya ya ci gaba da koyarwa da rubutu. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952. An sake fassara Littafi Mai Tsarki a 1979, amma Hausar coci, da kalmominta da waƙoƙinta da karin masu magana da ita a matsayin harshe na biyu, ta ginu ne a kan fassarar 1932. Fage ne da ya cancanci sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su ba shi kulawar da suke ba waƙoƙin malaman jihadi da littattafan gasar 1933.